Fulash Ɗin da Ba a Yi Mini Ba

Tun ina amarya nake ɗauke da wani tsoro da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Ummata. Maigidana ba mai faɗa ba ne, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ko a kan akuyar maƙwabta da ke shigo mana tana cin tsaba. Abin da nake tsoro shi ne wata rana a yanke magana a kaina, kowa a gidan ya sani, ni kaɗai ina yawo a tsakar gida ba ni da labari. In na shigo na ga mutum biyu sun yi shiru, ko hirar tsadar tumatir suke yi, sai in ɗauka maganata suke yi. Haka nake tun kafin a yi komai.

Na san inda abin ya samo asali. Karatuna ya tsaya a aji shida na firamare. Shekarar da zan wuce sakandare Umma ta kwanta ciwo mai tsawo, ni ce babba a mata, sai girki da wanki da rainon Auta suka dawo kaina. Auta ita ce ƙaramarmu. Ni na kai ta makaranta ranar farko, ni na yi mata kitson da ta je da shi. Da Umma ta miƙe, sa'o'ina sun yi nisa, na ji kunyar zama a benci ɗaya da ƙannen ƙawayena, sai na tsaya a Islamiyya. Ina karanta Hausa ina rubuta ta, da wayata ma nake rubuta wannan. Turanci kuwa sai in tsinci kalma a nan, in tsinci wata a can.

Daga Kabara aka kai ni Dala, gidansu maigidana, gidan gado mai lungu da yawa. Akwai Hajiya mahaifiyarsa, akwai ƙaninsa da ke neman aure, mu kuma muna da ciki da falo a ɓangaren gabas. Shi aikinsa a shagon da ke kusa da soro yake yi, da kwamfuta, wa wasu mutane da ke ƙasar waje. Farkon zuwana in mata sun tambaye ni sana'arsa sai in ce gyaran kwamfuta, sai ga su da wayoyi masu fasasshen gilashi a ƙulle a gefen zani. Da abin ya ishe shi ya ce in daina faɗar haka. Ya ce shi yana cikin masu rubuta abin da ke tafiyar da injin tun daga ciki, wanda ke raba wa kowane aiki wurin ajiya. Na ce to. Bai ƙara ba, ni ma ban tambaya ba, don kar ya ga kamar ban gane ba.

Yarinyarmu ta fara tafiya ke nan Auta ta shiga shekarar ƙarshe a jami'a. Kwamfuta take karanta. Aikin da za ta rubuta ta gama ya faɗo daidai abin da maigidana yake yi, sai Umma da kanta ta roƙe shi ya riƙa duba mata. Bayan la'asar take zuwa. Ta sauka daga adaidaita a Ƙofar Mazugal, ta tako da ƙafa, jakarta a baya, hijabinta ya yi ƙura a ƙasa. Shi ya ce ba za su zauna a shago ba, a barandar ɗakina za a shimfiɗa darduma, inda nake. Ya yi daidai, kowa ya yaba. Amma hakan ya sa duk abin da suka faɗa a kunnena yake sauka.

Kar wani ya ɗauka wani zargi nake yi. Auta jinina ce, shi kuma ƙanwa ya ɗauke ta, tsokanarta yake yi kamar yadda ake tsokanar ƙanwar mata. Ita tana ce masa Injiniya, shi yana ce mata Farfesa. Abin da ke ci na shi ne fuskarsa. In ta gano wani abu a allon, sai ya buga cinya ya ce yauwa, idonsa ya yi haske, ya gyara zama. Ban taɓa ganin wannan fuskar ba. Na san fuskarsa in miya ta yi daɗi, na san ta ranar da aka miƙa masa yarinya a zanin goyo, amma wannan daban ce, kuma ba ni da hanyar da zan sa ta fito. Su yi ta magana, rabi Hausa rabi Turanci, sai su tuntsire da dariya a kan abin da ba shi da hoto ba shi da murya, layuka ne kawai farare a kan baƙi. Ina gefe ina tsinke zogale. Wani lokaci in yi dariyar tare da su, sai in ji haushin kaina.

Wata rana ina wanke wa yarinya hannu na ji Auta ta ce, "To ni yanzu in yi masa fulash ko in bari?"

Maigidana ya ce, "Kar ki yi masa yana tsakiyar aiki. Ki ƙyale shi, zai shigo da kansa. In ya shigo sai ki yi."

"In ya daɗe bai shigo ba fa?"

"Sai ki jira. Gaggawar me kike yi?"

Na tsaya da buta a hannu. Kowa ya san fulashin, ka buga wa mutum waya ta yi ƙara sau ɗaya ka kashe don ya kira ka. Wato Auta ta yi saurayi. Tana da wanda take yi wa fulashin, mai aiki, wanda ake jira ya shigo. Kuma ba ni ta faɗa wa ba, ni da na san tabon da ke bayan kunnenta, mijina ta faɗa wa, har yana koya mata jan aji. A gabana, ko sassauta murya ba su yi ba, kamar tabarma ce ni. Ranar nan da ƙyar na iya cewa ta gaida gida.

Na yi kwanaki ina juya abin. Kullum suka zauna sai na ji kalmar. Yau an jinkirta fulash, gobe an tara fulash an yi gaba ɗaya. Har na fara tausayin bawan Allahn, na ce wannan wane irin wulaƙanci ne.

Ranar Juma'a na je Kabara. Muna zaune a ɗakin Umma ana ɓarar gyaɗa, na kasa riƙewa. Na ce, "Auta, ɗan wace unguwa ne?"

Ta ce, "Wa?"

"Wanda ake jira ya shigo da kansa."

Umma ta ajiye faranti. Ta ce, "Ke, wa ake jira? A gidan wa?"

Na ce, "Tambaye ta, Umma. Mijina ya sani, ni ce ban isa ba. Kullum ana shawarar a yi masa fulashin ko kar a yi."

Auta ta kalle ni, bakinta a buɗe. Sai ta kife a kan cinyar Umma tana dariya har da tari, gyaɗa ta watse a ƙasa. Umma ta kai mata duka a baya ta ce, "Tashi, mara kunya, yayarki na magana kina washe haƙora. Waye shi?"

"Umma, wallahi inji ne! Yaya ta aurar da ni ga inji!"

Da ta samu numfashi ta share hawaye ta ce kalma biyu ce, harafi ɗaya ya raba su a rubuce, a bakinmu ne suka zama ɗaya. Tasu ba ta waya ba ce, gogewa take nufi, a wanke abu a zubar. Na ji kunya har cikin ƙafata. Na ce to gogewar me, tunda an mai da ni abin dariya a faɗa mini.

Ta gyara zama ta ce, "Yaya, kin san 'yan ga-ruwan unguwarku. A cikin kwamfuta akwai ma'aikata da yawa kamar su, kowa da aikinsa, duk a lokaci guda. Akwai kuma ɗakunan da ake ajiye kayan aiki. Ma'aikaci ba a nuna masa ɗakin, suna ake ba shi, kamar a ce wa mai ruwa kai gidan tela. Ranar farko sai ya je wurin mai unguwa ya tambaya ina gidan tela. Amma in kullum sai ya je tambaya, yaushe ruwa zai isa? Sai ya haddace. To in tela ya tashi daga gidan fa?"

Na ce, "Sai a faɗa wa mai ruwa."

"Duka masu ruwan. Kowanne a tare shi a hanya, ya tsayar da kura, ya goge abin da ya haddace. Gogewar nan ita ce fulash. Kuma kin san mai tura kura a hawa, in kika tsayar da shi sai ya sha wahala kafin ya sake ɗaukar hanya. In kowane ɗan canji sai an tsayar da kowa, aiki ba ya gudu. Shi ya sa ake jinkirtawa. Ko a tara canje-canjen a faɗa musu sau ɗaya, ko a ƙyale wanda ya duƙufa sai ya dawo bakin famfo da kansa a faɗa masa a can. Aikina shi ne in auna saurin da ake samu in an yi hakan."

Umma ta ce, "In ya kai ruwan tsohon gidan kafin ya dawo fa?"

Auta ta ce, "In ba kowa a gidan, da sauƙi. Masifar ita ce a riga a sa wani a ciki, ya zo ya juye ruwa a randar da mutum ya zuba garinsa. Don haka sharaɗi ɗaya ne. A jinkirta yadda ake so, amma ba a ba wa kowa ɗakin sai kowa ya goge."

Umma ta ce ikon Allah, ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Ni kuwa a adaidaita da zan koma, yarinya na barci a kafaɗata, na yi ta juya maganar. Na gane duk abin da ta faɗa, tsaf. Ashe abu ne da ake iya faɗa da Hausa kafin ruwan shayi ya tafasa. Shekarun nan da nake kai masa abinci bakin shago, bai taɓa gwadawa ba. Ko ya ga ba zan gane ba ne, ko bai taɓa zuwa masa a rai cewa zan so in sani ba. Ban san wanne ya fi ciwo ba.

Auta ba ta iya riƙe abin dariya, washegari ta ba shi labari. Ya yi dariya har ya cire tabarau. Daga nan in ya shigo cin abinci sai ya ce, "Amarya, yau surukinmu ya kira kuwa?" Har yau Amarya yake ce mini. Nakan harare shi, amma ina jin daɗi, don wannan dariyar dai da ni a cikinta.

Da damina ta kankama yarinya ta kwanta. Zazzaɓi da amai, ya sauka ya dawo, muka yi ta zarya asibiti, har aka ba mu gado aka sallame mu, aka sake mayar da mu. Ita ce ta fari, ban san komai ba, ko tari ta yi sai in ɗora kunne a ƙirjinta. Na rame na fita hayyacina. A wannan tsakanin na lura da wani abu. In na fito daga ɗaki da kofin magani, sai maigidana da Auta su juya Turanci zalla, ba Hausa ko ɗaya. Hajiya ma in ta leƙo ta yi sannu sai ta tsaya tana kallon bango da rufin ɗakin, ta fita. Wata safiya maigidana ya fita da Auta da ƙaninsa, ya ce wani wuri za su dubo, ba su dawo ba sai azahar.

Ni abu ɗaya ya zo mini. Likita ya faɗa masa wani abu a kan yarinyar da Turanci, suna ɓoye mini. Na riƙa duba idonta, ina matsa tafin hannunta in ga ko jini zai dawo. Ban tambaya ba, don ina tsoron amsar. Har wani dattijo da ke kawo mana ruwa ya sauke jarkoki ranar ya ce, "Allah Ya sa alheri ne, 'yata, za mu yi kewa." Na shiga ɗaki na rungume ta ina kuka. Na ɗauka har shi ya ji.

Allah Ya ba ta lafiya. Ta fara cin tuwo, ta koma jan wutsiyar akuya. Ranar da abin ya faru da hantsi ne, na yi mata wanka ina shafa mata mai a falo, sai na ji sallamar mata a ƙofata. Na ce ku shigo. Manyan mata ne da mayafai masu tsada, ban san ko ɗaya ba. Na shimfiɗa musu darduma na kawo ruwa. Babbar cikinsu ta sha ta ce su dangin amaryar ƙanin maigidana ne, ita ce gwaggonta. Na ce madalla, Allah Ya sanya alheri. Sai ta buɗe jaka ta fito da tef irin na tela.

Ta ce, "Ba za mu daɗe ba, 'yata. Awo muka zo, kafinta na jira. An matso da bikin, kin san halin maza."

Na ce, "Ai ɗakin ango yana can ta wajen soro, bari in raka ku."

Suka kalli juna. Ɗaya ta ce, "Ba nan ne ciki da falon gabas ba? Nan aka ce mana."

Gwaggon ba ta ma saurare mu ba, ta riga ta miƙe tana duban bango. Ta ce, "Gadon zai shiga nan in an kawar da wannan kwabar. Riƙe mini nan, 'yata." Ta miƙo mini bakin tef ɗin. Na karɓa. Wallahi na karɓa, na durƙusa na danna shi a kusurwar da nake sallah, ta ja ɗaya bakin har jikin taga tana faɗa wa wata lamba. Ta ce labulena ya yi gajere, nasu zai sauka har ƙasa. Ta tambaye ni ko rufin yana yoyo. Na ce a'a, sai ta gefen ƙofa in ruwa ya zo da iska.

Sai ga Hajiya da sauri, ɗankwali a hannu. Ta ga tef a hannuna, ta ga fuskata. Ta ce, "Au. Bai faɗa miki ba?" Ta juya wurin baƙin tana cewa ai sati mai zuwa aka ce, suka ce kafinta ne ya matsa. Ta dawo kaina tana rarrashi. "Alheri ne, 'yar nan, gida ya samar muku a bayan gari, sabo, da ruwa da komai. Kowa ya yaba. Ai har ƙanwarki ta je ta gani."

Ban taɓa shiga shago maigidana na sanye da abin sauraro a kunne ba, an hana ko yarinya ta je wajen. Ranar na tura ƙofar ban yi sallama ba. Akwai fuskokin mutane a allon suna magana. Ya ɗago, ya faɗa musu wani abu, ya rufe.

Na ce, "Ana auna ɗakina."

Ya dafe kai. Ya ce ba yau aka yi da su ba. Ya ce wuta da sabis na lungun nan suna kashe masa aiki, ya daɗe yana nema, ga ƙaninsa ba shi da inda zai sa amaryarsa. Ya ce ya ga halin da nake ciki da yarinya, ko barci ba na yi, bai ga dalilin ƙara mini wani tunani ba. So yake a gama fenti, a haɗa ruwa, ta warke, ya ɗauke ni ya kai ni in gani gaba ɗaya.

Na ce, "Wa da wa suka sani?"

Ya fara lissafi. Hajiya, ƙaninsa, dangin amarya. Auta, don ita ta je da kwamfutarta ta gwada sabis ɗaki ɗaki. Umma ma, ya je ya sanar da ita don girmamawa.

"Mai ruwa fa?"

Ya ce mai ruwan ne ya nemo masu kwasar kaya.

Na ce, "Ka san abin da na ɗauka kuke ɓoye mini? Na ɗauka yarinyar mutuwa za ta yi." Ya taso, fuskarsa ta canza, yana ta innalillahi, yana cewa bai taɓa kawo wannan ba. Na yarda bai kawo ba. Ya ba ni haƙuri har da rantsuwa, kuma na haƙura, don shi namiji ne da ya yi wauta da kyakkyawar niyya, irinsu suna da yawa.

Auta ce na kasa haɗiyewa. Da ta zo bayan la'asar ban bari ta zauna ba, na ja ta kicin.

Na ce, "Yaya gidan nawa? Ya yi kyau?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Yaya, ba hurumina ba ne. Maganar miji da mata ce, ya ce in bari shi zai faɗa."

"Shiga ɗakunana ɗaya bayan ɗaya huruminki ne?"

"Sabis na je gwadawa."

"Kicin ɗin ina yake kallo?"

Ta ce gabas, da taga babba. Ta san inda rana ke fitowa a kicin ɗina, ni ban san ko unguwar ba.

Sai ta fara kuka ta ce, "Wallahi na yi masa magana. Ba sau ɗaya ba. Ranar da kike ba ta magani a baranda ta tofar miki a riga, na ce masa, Injiniya, ka ba da ɗaki ba ka yi fulash ba, kai da kanka ka koya mini ba a yi. Ya ce saura kaɗan. Da Turanci na faɗa don kar hankalinki ya tashi."

Na tuna ranar. Na tuna ta yi magana da zafi, ya amsa a hankali, ni ina goge riga ina cewa a raina wai har faɗa suke yi a kan inji. Ashe ni ce. Ta tsaya mini, ta faɗi gaskiya, kuma ta faɗe ta da kalmar da ta san zai ji ta shige shi. Ya kamata in gode mata. Abin da na ji shi ne ita ke da wannan kalmar. In da ni ce na so in nuna masa ya yi kuskure, sai dai in yi kuka ko in ƙi cin abinci. Ita jimla ɗaya ta yi. Ko kare ni da aka yi, da bakinsu aka yi shi, ina zaune taku biyu daga wurin.

Na ce ta je ta yi karatunta. Ta ce in yafe mata. Na ce ba ta yi mini komai ba, kuma gaskiya ne, shi ya sa abin ya ƙi wucewa.

Mun tashi kafin bikin. Gidan yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Famfo a cikin kicin, yarinya na da filin gudu, ba hayaƙin maƙwabta. Amma ba na jin kiran sallar masallacin lungunmu, kuma in na leƙa waje ba wanda ya san 'yar gidan wa ce ni. Da na je ganin amarya a tsohon ɗakina, gadonta ya shiga daidai inda gwaggon ta ce.

Auta ta gama, ta ci da kyau. Ni na yi mata dambun da aka raba. Tana zuwa har yanzu, suna zama a falo, ana neman mata aiki irin nasa. Na ce ta koya mini Turanci, muka fara, a zama na biyu ta gyara mini wata kalma tana danne dariya, na ce a bar shi. Maigidana kuma ya koma faɗa mini komai, ko katin waya zai saya sai ya leƙo kicin ya ce, "Amarya, sanarwa." Wani lokaci yakan zauna ya gwada yi mini bayanin aikinsa da Hausa, yana lalube, yana kame-kame, bai kai Auta iyawa ba. Ina saurara. Amma in ta zo suka fara, fuskar nan tasa ta fito, har yau sai na tashi na sami abin yi a kicin. Ina roƙon Allah Ya cire mini, bai cire ba tukuna.

Kai mai karanta wannan, ko ke, abu ɗaya nake roƙo. In akwai maganar da ta shafi inda mutum zai kwana, ko ɗansa, ko shi kansa, kuma kun sani shi bai sani ba, ku faɗa masa yau. Ko hannunsa na cikin ƙullu, ko jinya yake yi, ku tsayar da shi ku faɗa masa da harshen da yake ji.